Ai Kina Gida

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rahila, matar Ishaya, muna zaune a Minanata. Wasunku kuwa sun san ni har ya yi yawa, don wayoyinsu sun fi su sanin hanyar ɗakina. Ku yi haƙuri, shaidata ta yau akwai yaji a ciki.

Na daɗe ina aikin kwamfuta a wata ma'aikata, aikin dindindin mai fansho. Amma abin da na karanta daban, abin da nake yi daban. Kullum gyaran firinta, da tuna wa oga lambar sirrin da ya manta. Na yi addu'a, muka yi shawara da maigidana, na ajiye aikin. Na koma karɓar kwangila, ina haɗa wa 'yan kasuwa manhaja daga ɗakina.

Na ɗauka gwajina zai zo ta rashin wuta ko tsinkewar intanet. Ashe ta bakin masoyana zai zo: "Ai kina gida."

Maƙwabciya za ta tafi kasuwa, sai ta ajiye mini jariri, ai kina gida. Mai ruwa zai kawo wa gidan gaba, ni zan tsaya a kansa. Waya ta ƙi kamawa, a kai wa Rahila. Har Ishaya, wanda muka durƙusa tare kan maganar nan, ya fara cewa da safe, "Tunda kina gida, ki ɗan leƙa Tudun Wada wurin tela." Ni kuma kunya ta ɗaure mini baki. In ce "to" a fili, a ciki ina tafasa kamar tukunyar wake.

Kwangila ɗaya tak gare ni a lokacin. Wani Alhaji mai shagunan shinkafa a Ƙofar Taramniya ya ce in haɗa masa manhajar da zai riƙa ganin kayan kowane shago a wayarsa. In ta kuɓuce mini, sai dai in koma ma'aikata ina roƙo, masu cewa na yi hauka su sami abin faɗa. Lokacin da na yi masa alkawari ya zo ya wuce, aiki bai kai rabi ba. Ta ina zai kai, ina goyon ɗan wani?

Ana nan sai Mama Talatu, shugabar zumuntar mata ta majami'armu, ta ji wai Rahila ba ta zuwa ofis. Ba ta tambaye ni ba. Ta sa sunana cikin waɗanda ake yi wa addu'ar neman aiki.

Wata safiya Alhaji yana Abuja, muka haɗu ta kiran bidiyo don in nuna masa inda na tsaya. Ina cikin bayani na ji waƙa daga ƙofar gida, da kiɗan tulu da caki. Kafin in miƙe, ɗaki ya cika da iyayena matan zumunta. Mama ta ɗora mini hannu a ka, ta buɗe murya, kun kuwa san muryar Mama:

"Uba, ka dubi 'yarka da ke zaman banza. Ka buɗe mata ƙofar aiki."

Mata suka amsa da amin. Daga cikin kwamfuta ma aka ce amin. Sai Alhaji ya gyara murya.

"Ɗiyata, ashe ba ki da aiki? To ni wanga da na ba ki, mi na na? In sati ya zagayo ban gani ba, mutanen Kaduna za ni ba."

Ya kashe. Mama ta leƙa kwamfutar ta ce, "Wane ne wannan mai gemu da kike kallo?"

'Yan'uwa, ban iya ko raka su ƙofa ba. Na rufe ɗaki na durƙusa, kuma addu'ar da na yi ba mai ladabi ba ce. Na ce, "Ubangiji, ba arna ne suka tsananta mini ba, ba maƙiya ba. Mutanenka ne, da ƙaunarsu za su kashe ni. Na gaji, haushin kowa nake ji, har gaisuwar majami'a ta zame mini nauyi. Ka yi wani abu." Na yi kuka har ya ishe ni. Ba murya na ji ba, amma zuciyata ta natsu a kan abu ɗaya: ki tashi ki je wurin Mama, ki faɗa mata gaskiya. Wurin da ba na son zuwa ke nan a duniya.

Na same ta tana ɓarar agushi. Na durƙusa na ce, "Mama, ina da aiki. Mutumin nan da kika gani shi ya ba ni, yau kuma saura kaɗan in rasa shi." Na zayyana mata komai, har jaririn maƙwabciya.

Hannunta bai daina ɓara ba. Can ta ce, "A tsohon ofis ɗinki, haka kowa ke faɗo miki?"

Na ce, "A'a Mama, akwai maigadi."

Ta ce, "Ashe ba aiki kika rasa ba. Maigadi kika rasa. Mun yi ta roƙon abin da ba shi ba."

Washegari da safe na ji ana jan kujera a ƙofar gidana. Mama ce, da 'yar kujerarta da faifan agushi. Maƙwabciya ta iso da jariri, Mama ta ce, "Tana wurin aiki." Ta ce, "Ai ga takalminta nan." Mama ta ce, "Takalmi kika zo gani? Tana wurin aiki." Wani ɗan'uwa ya zo da waya, yana nan zaune a baya, ba zan nuna shi ba. Ya koma da wayarsa. Har Fasto ya biyo gaisuwa, aka ce ya dawo da yamma in an tashi.

Cikin satin na gama. Alhaji ya duba shagunansa a waya ya ce, "Madalla. Ki gaishe min da tsohuwar ga mai addu'a, ta ci gaba." Daga baya ya haɗa ni da abokansa biyu. Haushin da ya cika mini ciki ma Ubangiji ya kwashe, ga shi yau ina kallonku ina dariya.

Na gode wa Allah da ya amsa mini ta hannun wadda na fi jin haushi. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in abu ya ishe ka, ka kai masa yadda yake, ko da fushi ne, ka dogara gare shi. Ya san ƙofar da za a buɗe, ya san wadda za a tsare.

Ishaya kuma, ina ganinka. Ranar da ka dawo da rana neman abinci Mama ta ce maka matarka tana wurin aiki, ba ni na sa ta ba. Gobe Litinin, ni ma zan tafi aiki, kayanka suna nan wurin tela.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.