Wayar da Ottmar Ya Hana a Datse

Mai girma Magajin Gari, Fasto Lindner, Uwargida Hedwig da 'ya'yanta, da mu tsofaffin abokan aikinsa da muka rage, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyyar Ottmar Riedl.

Ya kasance makanike mai sanyin hali. Tare muka yi aikin ƙera tankar yaƙin nan da manya suka raɗa wa suna Ƙuma, alhali babu gadar da za ta iya ɗaukarta. Masu zane suka ce to ta riƙa bi ta ƙarƙashin ruwa, wata tankar ta tsaya a gaɓa tana ba ta lantarki ta waya mai kaurin damtse.

Ranar gwaji a tafkin nan namu, ƙanensa Veit ne direba. Yana jawo murfi yana tsiya: "Ottmar, in ka sake ni sai na faɗa wa Mama!"

"Shige, sarkin surutu, ka kamo mana kifi."

Laka ta riƙe tankar a tsakiyar tafki, aka yi, aka yi, ta ƙi motsi. Babban hafsan soja ya ce a datse wayar. Ottmar ya zauna a kanta ya ce, "Sai dai ku datse da ni." Sojoji suka kwance tankar da ke gaɓa suka tafi, suka bar shi da bakin waya a hannu, Veit kuwa yana can ƙarƙashin ruwa.

Ya kasance mai riƙon alkawari. Nan ya gina gida, wayar na cikin lambunsa. Kullum safe kafin ya sha kofi sai ya ƙwanƙwasa ta da sifana. Mun sha yi masa dariya, har ranar da ya kama hannuna ya ɗora a kai. Allah ne shaidata, an amsa daga ƙasa. Har yau tsoron bai sake ni ba.

Magajin Gari, mun ji ranar Litinin za ku datse ta, ku gyara wa yara wurin wanka. Hedwig, ki gafarce ni, zan faɗa. Tun da muka binne shi, wayar ke bugawa da kanta kowace safiya. Kuma hannu biyu ne: ɗaya mai gaggawa, ɗaya a hankali.

Ranka ya daɗe, yanzu dukansu biyu suna wancan bakin wayar. Kada ka datse.

Mun gode da zuwanku. Ubangiji ya ba Ottmar da Veit hutu, mu kuma ya ba mu zuciyar amsawa gobe da safe. Amin.