Wa Ya Matse Miki Naki?

A ɗakin jiran likitan fata, wata dattijuwa ta ƙura wa budurwar da ke gefenta ido, tana kallon baƙaƙen tabon da suka cika mata kumatu.

"'Yan mata, ke ma tabon ƙuraje ne?"

"Shi ne, Mama."

"Irin na 'yata ke nan. Tana ciki wajen likita, wai kada in shiga. Ni da ba na barin ƙurji ya kwana a fuskarta. Da ya fito zan ɗora kanta a cinyata in matse shi tas, in goga mata lemon tsami. Yau ni ce bare."

Budurwar ta yi murmushin takaici.

"Mama, likita ya ce matsar ce ke jawo tabon. Fata ta ji rauni, sai ta warke da baƙi. Lemon tsami ya ƙona wurin, rana ta ƙarasa aikin."

"To maganin fa?"

"A cire hannu daga fuska, a shafa man da ya rubuta da na kare rana, sai haƙuri. Ni har yanzu hoda nake laftawa kafin in tafi aiki."

"Likitoci ba sa rasa abin faɗa. Uwa za ta cuci abin da ta haifa? Ke wa ya matse miki naki?"

"Mahaifiyata. A kan cinyarta."

Dattijuwar ta waiga hagu da dama.

"Ina take?"

"Na baro ta a gida. 'Yarki ta fi ni kirki, Mama. Ita har bakin ƙofa ta kawo ki."