Akwai, Amma Yana Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, shugabannin 'yan kasuwa na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, malamai, iyaye mata, da ku 'ya'yanmu masu rubuta manhaja da muka taru dominku, ina yi muku barka da zuwa.

Na gode da aka ba ni wannan dama. Sunana Sama'ilu, na tsufa a aikin sito, ina karɓar kaya ina sallamar kaya, har yaran nan suka ɗauko ni wai in koya musu yadda kaya ke tafiya. Ni kuma suka koya mini latsa waya ba tare da na kira surukata bisa kuskure ba. Yau ga shi muna buɗe manhajar da suka gina, wadda mai saye zai yi oda daga gida, mai shago ya gani, mai mota ya kai. Wallahi ina cikin farin ciki, kuma ba zan ɓoye ba.

Abu na farko da nake so ku riƙe, 'ya'yana, shi ne oda alkawari ce. Ku a gaban kwamfuta layi ɗaya kuke gani, amma bayan layin nan akwai kamfani, akwai babban dila, akwai sito, akwai direba, akwai shago, sannan akwai mutum a ƙarshe da ya ɗora tukunya yana jira. Duk inda ɗaya ya tsaya, kowa ya tsaya.

Abu na biyu sai na ba ku labari, kuma masu labarin duk suna nan, kada wanda ya fita.

Lokacin da ake gwada manhajar nan, Shatu ta Gwiwa, mai soya cincin da dubulan, ta samu aikin da ba ta taɓa samun irinsa ba: kayan gara na wani babban biki a Roni. Uwar amarya ta faɗa mata a fili, in ta cika alkawari duk bikin danginsu nata ne, in ta saɓa kuwa kada ta ƙara sallama a gidan. Shatu ta buɗe waya ta nemi fulawa, ta ga shagon Alhaji Halliru na nan Kazaure, an rubuta akwai. Ta yi oda, ta sayi mai da sukari, ta gayyato maƙwabta, ta kwantar da hankalinta.

Ranar ɗauka mai a-daidaita-sahu ya je shago, ko ƙurar fulawa babu. Ya kira Rukayya, shugabar yaran nan. Ta zo da abokin aikinta Godswill, ni ma suka biya suka ɗauke ni. Rukayya ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta ce, “Baba, ai ka latsa akwai.”

Alhaji ya ce, “Akwai mana!”

Ta ce, “To ina take?”

Ya ce, “Tana Kano.”

Jama'a, ku yi dariyarku, amma ranar ba mu yi ba. Godswill ya ce, “Ranka ya daɗe, ga wurin latsa babu a gefe, me ya hana?” Alhaji ya dube shi kamar ya zage shi, ya ce, “Ɗana, tun da na buɗe shagon nan bakina bai taɓa ce wa mai saye babu ba. Abin da baki bai faɗa ba, yatsa ne zai faɗa?”

To, 'yan kasuwa, ku faɗi gaskiya, wane ne a cikinku yake furta kalmar nan a ƙofar shagonsa da safe? Mukan ce ya ƙare, mukan ce sai gobe, mukan ce zauna in aika. Da muka duba wayar, ashe duk shagunan da ke ciki, daga nan har Ɓaɓura, komai akwai ne. Ba wanda ya yi ƙarya, kowa arzikinsa yake tsarewa. Yaran nan ma ba su yi laifi ba, sun gina ƙofa biyu, mu kuma guda ɗaya muke bi.

Biki ya matso, Shatu tana kira tana kuka. Rukayya ta ajiye kwamfuta ta kama waya, shago bayan shago tana tambaya, “Alhaji, akwai ɗin nan, kana ganinta da idonka?” Sai a garin Kanya Babba aka sami wanda ya ce, “Ga ni zaune a kanta.” Godswill da kansa ya bi motar da ta ɗauko fulawar har Gwiwa.

Daga nan suka zauna da 'yan kasuwa suka gyara. Yanzu in kun buɗe ba za ku ga babu ba ko kaɗan. Za ku ga yana shago, za ku ga yana tafe tare da ranar da zai iso, za ku ga sai mun saro. Alhaji Halliru kuwa ya ƙware a yana tafe, har na ji an ce ya fi kowa latsawa.

Abu na uku, lokaci. Kayan da ke hanya ba su zama naka ba sai sun sauka. Ku koya wa manhajarku cewa hanyar rani daban, ta damina daban, cewa sukari yana gudu in azumi ya gabato, cewa direba zai tsaya sallar Juma'a. Ta riƙa tunatar da mai shago ya saro tun kafin ya ga gindin buhu. In kuma wani ya yi odar buhu na ƙarshe, a riƙe masa nan take, kada a sayar wa mutum biyu abu ɗaya a bar su suna harara a ƙofar shago.

Na ga kuna ta waiwaye, kuna son jin yadda Shatu ta ƙare. Gara ta isa Roni kafin a kai amarya, dangin ango suka cinye har suka nemi ƙari. Yanzu bikin gidan nan duka nata ne, ta kuma ɗauki maƙwabtanta aiki. Ƙamshin da ya hana ku saurarona tun ɗazu, nata ne. Da na shigo na tsokane ta, na ce, “Shatu, akwai cincin?” Ta yaye mayafin tire ta ce, “Akwai, Malam. Kuma ba a Kano yake ba.”

Allah Ya yi wa yaran nan albarka, Ya ƙara musu basira. Allah Ya buɗa kasuwanninmu, Ya tsare direbobinmu a hanya, Ya ba mu ikon cika abin da muka alkawarta. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, bayan ya ci cincin.

Na gode.