Kaskon Madam da Na Dirje

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Ni ce Rabi, ƴar Bazaga, mazauniyar Ƙonni.

Bana geronmu bai kai ko'ina ba, shi ya sa na kama aikin shara da wanke-wanke a gidan wani malamin lakwal, wato makarantar boko. Wata biyu ba a taɓa kuka da ni ba.

Ran Laraba Madam, matar malamin, ta tafi kasuwa. Na tarar da kaskon suya cikin kwanukanta, cikinsa baƙi ƙirin. Na ce a raina, duk tsabtar matar nan, a nan take soya wa mijinta ƙwai? Na ɗebo toka da yashi, na yi ta dirza tun hantsi har azahar, sai da ya yi fari fat. Har jingine shi na yi a bakin ƙofa don ta fara gani.

Tana shigowa ta dafe kai. "Rabi, kin kashe ni! Baƙin nan ba datti ba ne, da shi aka ƙera kaskon, shi ke hana abinci kamawa. Daga Yamai aka kawo mini shi!" Ba ta zage ni ba, ta dai ce in tafi gida, za ta aiko.

Yau kwana biyar, shiru. Na kasa zama wuri guda, ko sallama na ji a maƙwabta sai na leƙa.

Masu sauraro, in koma in ba ta haƙuri, ko in jira? Ƴan'uwana masu aikin gidaje kuma, ku riƙa tambaya kafin ku goge. Ni ba ƙyuya ta jawo mini ba, ƙwazo ne.