Kujerar Jikin Hita

Ɗumi kawai na shiga sha a tashar jirgin ƙasa ta Mosko, ba tafiya zan yi ba. Kujera ɗaya ta rage a jikin hita, sai wata tsohuwa da wani dattijo suka dafa ta tare.

"Sakar min, bawan Allah," in ji tsohuwar. "Daga Dikson nake, ƙarshen arewa. Bayanmu sai ƙanƙara."

"Ni kuma daga Derbent, Iya, ƙarshen kudu. Ni ma na sha hanya."

"Kai har ka san wahala? Mu sai mu yi watanni ba mu ga rana ba! Kifi ma daskarewa yake, sai mu fere shi kamar itace."

"To, wannan sanyin na Mosko fa?" in ji dattijon.

"Wannan ne sanyi? A garinmu irin wannan ranar taga muke buɗewa!"

"Madalla," in ji dattijon, ya zauna ya miƙe ƙafa. "Ni a ƙasar ɗumi na girma, cikin gonar inabi, haƙorana har karo suke. Ga kujera can bakin ƙofa, je ki sha iska."

Tsohuwar ta je ta zauna tana karkarwa, amma har jirginta ya iso ba ta yarda ta sa maɓallin kwat ɗinta ba.