Layin Sakatare a Rumbun Masu Ba da Jini

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, Inna mahaifiyarsa, mai ɗakinsa da yaransa, 'yan'uwana masu ba da jini, sannunmu da haƙuri.

Marigayi ya kasance sakataren ƙungiyarmu tun sunayenmu na warwatse a wayoyin mutane. Ranar da wata mai naƙuda ta cika muna laluben mai irin jininta, alhali mai irin jinin yana shagonsa bayan katangar asibiti, Sakatare ya fita bakin famfo ya daɗe yana wanke fuska. Da ya dawo ya ce, "Ba za a sake ba."

Ya kasance mai taurin kai wajen zaɓen manhajar da za ta tara bayananmu wuri ɗaya. Ƙaninsa ya ce, "Yaya, bari in rubuta maka taka." Ya ce, "In ka yi tafiya fa? Ina son wadda ba sai an iya yaren kwamfuta ba." Wata ya ƙi ta don tana nuna wa kowa lambobin matanmu. Sauran ya riƙa miƙa wa Baba mai gadi yana cewa, "Nemo min mai wannan jinin." Wadda Baba ya iya, ita muka ɗauka. Mun yi ta yi wa Sakatare dariya.

Bayan mun binne marigayin, aka kawo wani direba jina-jina. Nas ta danna neman mai irin jininsa. Sunan Sakatare ne ya fara fitowa, gefensa an rubuta "a shirye". Saƙo ya tafi wayarsa kafin ta ankara.

Ba a jima ba sai ga mai ɗakinsa a ƙofar ɗakin gwaji, riƙe da wayar, tana cikin takaba. Ta ce, "An kira shi. Ni na zo."

Jininta bai dace ba. Wani ya bayar, direban ya rayu, ga shi can zaune a baya. Amma mu da muka ji ta, har yau maganar ba ta sake mu ba.

Inna, layin sunansa yana nan a cikin manhajar. Kowannenmu ya buɗe zai goge, hannu ya ƙi. Ku iyalinsa ku yi mana izini, a goge ko a bari, mu ba za mu iya yanke wannan ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Amin.