Ranar da Na Ɗora Difloma a Kan Sikeli

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta masu ɗinkin takalma ta Yakasai, Malam Limami, Mai Unguwa, iyayenmu maza, iyayenmu mata da ke cikin soro suna ji, da samarin can baya da tun ban buɗe baki ba suka fara dariya, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya da aka ba ni dama, duk da na ga wasu dattawa sun dafe kai da aka kira sunan Zaharaddeen. Ku kwantar da hankalinku, yau ban saka wa kowa gam a kujera ba.

Abin da ya tara mu kun san shi. Ƙanwata Maryam ta roƙi ƙungiya ta ɗauki nauyinta zuwa kwalejin fasaha, ta karanci sarrafa kaya a masana'anta, kuma an ce kafin la'asar za a ɗaga hannu. Wasu na tambaya, anya wannan karatu yana mayar da abin da ya ci? Ni allo kawai na riƙe, amma ina da shaida uku.

Ta farko laifina ce. Lokacin da Kawu Jibrin ya sayar da keken ɗinkinsa na biyu don ya biya wa 'yarsa Sa'ida wannan karatu, ni na fi kowa tsiya. Taubashiyata ce, ina da iko. Ranar da ta kawo takardar diflomarta na sace ta, na kai wa mai sikelin da ke bakin layi, na ɗora a gaban jama'a. Allurar ko motsi ba ta yi ba. Na ce, "Jama'a, ku shaida, keken Kawu da ƙato biyu suke ɗauka ya koma iska!" Sa'ida ta karɓe abarta ta ce, "Zahar, ka riƙe mini wurin mai sikelin nan, zan dawo."

Ta biyu abin da idona ya gani ne. Sa'ida ta zo shagon da muke aiki da Kawu ta zauna kwana uku, ba ta taɓa wuƙa ba, ba ta ce a sayi inji ba, kallo kawai take yi. Na ɓoye mata biro, ta ciro wani. Rana ta huɗu ta tattara guntayen fatar da muke zubarwa, ta sa ni a gaba har wurin sikelin nan, aka ɗora. Wallahi allurar sai da ta yi tsalle. Ta ce, "To, wannan fa, nauyin me ka gani?"

Muka koma. Ta shimfiɗa fata, ta ɗauki kwalin da muke ɗorawa mu zana, ta juya wannan kai ƙasa, ta kwantar da wancan a gicciye, ta cusa maɗauri a lungun da ko kallonsa ba ma yi. Fatar da tun zamanin kakanmu take ba da takalmin mutum tara, sai ga ta ta ba da na mutum goma sha ɗaya. Fatar ita ce, wuƙar ita ce, hannuwan su ne. Kawu ya ƙirga, ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa. Sannan ya ce, "Allahu Akbar. Ashe shekara arba'in ina zubar da takalma a kwando." Jama'a, ni da na fi kowa tsiya, ranar na sara wa Sa'ida. Arziki Allah Ya ajiye a ƙarƙashin hannunmu, muna taɓa shi safe da yamma, muna share shi da tsintsiya, har sai da aka tura yarinya ta koyo yadda ake ganinsa. Ba a ci wata bakwai ba keken Kawu ya dawo, kuma sabo.

Ta uku ita ce mai zafi. Waɗannan guntaye, ni nake kwashe su in sayar wa masu maƙalin mukulli. Kawu, yau ka ji inda kuɗin tsirena yake fitowa, ka yafe mini. Tun da Sa'ida ta taɓa fatar nan kasuwata ta mutu, abin da ya rage a kwando ko akuya ba za ta tsaya ta shinshina ba. Saboda haka idan akwai wanda ya cancanci ya tashi ya ce kada a tura Maryam, ni ne. Kuma na faɗa, a gida na ce wa mahaifiyarmu ɓarnar kuɗi ce. Inna, kina ji daga soro, na janye.

Iyayena, a unguwar nan shago nawa ne? A kowane shago kwando nawa ne? Sa'ida ita kaɗai ce, ba za ta zagaya ku duka ba. Ku je ku ɗaga kwandunanku ku ji nauyinsu, sannan ku ɗaga hannu. Nawa ga shi tun yanzu, kuma ba zan sauke ba sai shugaba ya ƙirga da ni.

Allah Ya sa albarka a sana'armu, Ya jiƙan waɗanda suka koya mana ita, Ya buɗe idon 'ya'yanmu su ga abin da ya wuce mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Sa'ida, mai sikeli yana gaishe ki.

Na gode.